Yadda Ake Juyen Baƙin Mai Da Duba Sauran Ruwayen Motar Iyali A Ƙofar Gida

Motar da nake kai yara makaranta da ita Toyota Sienna ce ƙirar 2005, 'yar Kwatano, kuma na daɗe rabona da kai ta gareji don juye kawai. Abin da ya raba ni da hakan wani yaron gareji ne da ya ɗaure notin juye da iya ƙarfinsa har zaren ya cinye. Mai ya riƙa ɗiga a tsakar gida, daga ƙarshe sai da na sayi wani kaskon inji a Ƙofar Ruwa. Ban rabu da bakanikena ba, har gobe shi ke yi min manyan ayyuka. Amma juye da duba ruwaye aikin awa ɗaya ne da safiyar Asabar, kuma in ka yi da hannunka ka san abin da ya shiga injinka. Misalan da zan kawo na Sienna ne don ita na sani ciki da bai. Mai Sharan, Galaxy, Odyssey ko Previa zai bi matakan nan ɗin dai, sai dai ya nemi awo da nau'in man motarsa a littafinta ko a jikin murfin mai.

Kayan da za ka tanada

Baƙin mai shi ne na farko, kuma a nan ake yawan gardama. Sienna ta 2004 zuwa 2010 5W-30 take sha, yana nan rubuce a murfin da ake zuba man. Ta 2011 zuwa 2020 0W-20 aka rubuta mata. Kanikawa da yawa za su ce maka ƙasarmu da zafi, ka zuba 20W-50. Ni ban yarda da wannan ba a injin da lafiyarsa ƙalau. Injinan nan suna da ƙananan hanyoyin mai da matsin mai ke sarrafa lokacin buɗe bawul da su, mai kauri kuwa yana jinkirin isa saman inji da safe, musamman da sanyin hunturu. In injinka ya tsufa har yana shan mai, ka iya matsawa zuwa 5W-40 ko 10W-40, amma kada ka yi tsalle zuwa mafi kauri don wani ya faɗa.

Yawan man: injin 3.3 na 2004 zuwa 2006 yana cin lita 4.7 haɗe da filta. Injin 3.5 na 2007 zuwa 2016 yana cin lita 6.1. Wato galan mai lita biyar ya ishi na farko, na biyun kuwa sai ka ƙara da kwalba biyu masu lita ɗai-ɗai, ragowar ka ajiye don ciko. Ka sayi mai a gidan mai ko wurin dilan da ka sani, ka duba hatimin murfin ba a taɓa shi ba. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, kuma man da ake aunawa daga duro a bakin titi ba na wannan injin ba ne.

Sauran kayan:

- Filtar mai sabuwa. Ta injin 3.3 gwangwani ce da ake murzawa. Ta 3.5 takarda ce da ake sakawa cikin wani kofi, tana zuwa da zoben roba biyu, babba da ƙarami.
- Washa sabuwa ta notin juye. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma ita ce ke hana ɗiga.
- Sifana mai zobe ko soket lamba 14. Kada ka yi amfani da sifana mai buɗaɗɗen baki, tana cinye kan noti.
- Abin kwance filta. Na injin 3.5 kofi ne na ƙarfe mai faɗin milimita 64, kuma babu dabarar da za ta maye gurbinsa.
- Tsohon baho ko jarka da aka yanke gefenta, wadda za ta ɗauki lita takwas ko fiye.
- Mazurari. In babu, yanke robar ruwa ka kifa bakinta, amma ka tabbata ta bushe sarai.
- Tsumma mai yawa, kwali babba na shimfiɗawa, da tocila.
- Jak, da dogaran ƙarfe guda biyu da ake jingine mota a kansu.

Kan wannan na ƙarshen zan tsaya kaɗan. Sienna ta kusa tan biyu. Jak ɗin da ke zuwa da mota na canjin taya ne, ba a shiga ƙarƙashin mota a kansa. Bulon siminti ma kada ka soma, yana rugujewa ne lokaci guda ba tare da gargaɗi ba. In ba ka da dogaran ƙarfe, ka samu katakai masu kauri da faɗi ka jera su kamar matakala, ka hau da tayoyin gaba a hankali. Ɗagawar taƙi ɗaya ta isa hannu ya kai ga notin. In wannan ma babu, je wurin wankin mota mai rami ko dandamali, ka ba su ɗan abin da ya samu, ka yi aikinka a can.

1. Shirya motar

Ka nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri, ba kan yashi ba. Ka fara da sassafe kafin rana ta ɗaga, domin a watan Afrilu kwanciya kan siminti da hantsi azaba ce. In hunturu ne kuma iska na kaɗa ƙura, ka juya gaban motar ta bai wa iskar baya.

Tayar da inji ya yi kamar minti biyar, ka kashe. So ake man ya yi ɗumi ya tsinke, ya fito da dattin da ya kwanta. In daga tafiya ka dawo, ka ba shi rabin awa ko fiye ya huce. Sa giya a P, ja birkin hannu, ka tare tayoyin baya da dutse ko katako. Ka cire makullin ka sa a aljihu. Wannan ba wasa ba ne a gida mai yara: yaro ɗaya ya murza makulli injin babu mai, magana ta ƙare.

Buɗe bonet, kwance murfin mai ka aza a gefe kan tsumma, ka ɗan zaro geji, wato sandar auna mai. Hakan na sa man ya sauka sumul.

2. Gane notin da ya dace

Kafin ka sa sifana, kwanta ka haska da tocila ka duba da kyau. Akwai kasko biyu a ƙarƙashin motar. Na inji yana ɓangaren fasinja, notinsa na sifana 14 ne. Na giya yana ɓangaren direba, kuma a Sienna irin tawa notinsa mai rami ne a tsakiya, sai da makullin nan mai kusurwa shida ake kwance shi. Ɗan koyo kan zubar da man giya yana zaton na inji ne, sannan ya ɗura sabon mai a kan tsohon da bai fita ba. Sakamakon shi ne inji cike har wuya, giya kuma wayam. Alamar da za ta cece ka ita ce launi: in ka ga abin da ke fita ja ne ko jaja-jaja mai tsinkakken jiki, mayar da notin nan take.

3. Juye tsohon man

Tura bahon ƙarƙashin notin, amma ka matsar da shi kaɗan zuwa inda bakin notin yake kallo, don man da ƙarfi yake fitowa da farko, ba ƙasa yake zuba kai tsaye ba. Kwance noti hagu ake yi, wato saɓanin tafiyar hannun agogo idan kana fuskantar kansa. Mutum a kwance yakan rikice ya riƙa ƙara ɗaurewa, don haka ka tsaya ka yi tunani kafin ka ja.

Da ya saki, ajiye sifanar ka ci gaba da yatsu, kana ɗan danna notin ciki yayin da kake murzawa. Idan ka ji zaren ya ƙare sai ka fizge hannunka gefe. Farkon yi sai man ya wanke maka hannu har gwiwa, kowa da haka ya fara. Ka bar shi ya tsiyaye minti goma zuwa sha biyar, har ya koma ɗigo-ɗigo.

Kafin ya gama, duba abin da ya fito. Baƙi dai baƙi ne, wannan ba laifi. Amma in ka ga ya yi kalar shayi da madara, ruwa na shiga cikin mai, kuma wannan aikin bakanike ne, yawanci gasket ɗin kan inji. In ka ɗebo kaɗan ka kai rana ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, wani abu na cin kansa a ciki. In kuma ya fito da gudaji kamar kunun da ya kwana, an daɗe ana wuce lokacin juye. Injin 3.0 na Sienna ta 1998 zuwa 2003 ya yi suna wajen tara irin wannan dattin, mai ita kada ya yi sakaci da lokaci.

Cire tsohuwar washa. Wani lokaci takan manne a jikin kaskon maimakon ta biyo noti, sai ka ɓamɓare ta da farce. Sa sabuwa, goge wurin, ka fara ɗaura notin da yatsu har ya zauna. In ya yi tauri tun juyi na farko, a karkace ya shiga, fito da shi ka sake. Sai a ƙarshe ka sa sifana. Ƙa'idarsa tsakanin Nm 40 zuwa 45 ne (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne) ga mai sifanar awo. Ga wanda ba shi da ita: riƙe sifanar da hannu ɗaya, ja har ka ji washar ta zauna daram, ka tsaya. Ba a sa ƙafa, ba a ƙara bututu a jikin sifana.

4. Canjin filta

A injin 3.3 filtar tana gaban inji, ƙarƙashin bututan hayaƙi, kuma wurin yana da zafi ko da inji ya ɗan huce. Na sha ƙuna a damtse a nan, yanzu doguwar riga tsohuwa nake sawa. Matsar da bahon ƙarƙashinta, ka kwance ta, ka fito da ita bakinta na kallon sama don cike take da mai. In ta ƙi kwantuwa kuma ba ka da abin kwancewa, naɗa mata tsohuwar robar tayar keke ko takardar yashi don hannu ya kama. Huda ta da sukuddireba shi ne dabarar ƙarshe, kuma in gwangwanin ya yage ka shiga uku, don haka ni ba na ba da wannan shawarar.

Yanzu ga kuskuren da na taɓa yi da kaina. Dubi bakin tsohuwar filtar, ka tabbata zoben robarta ya biyo ta. Ranar da ban duba ba, zoben ya manne a jikin inji, na ɗaura sabuwa a kansa. Ina tayar da mota mai ya yi feshi, cikin daƙiƙu kaɗan rabin galan ya malale a ƙofar gida, na wuni ina zuba yashi ina sharewa, maƙwabta na yi min sannu. Tun daga ranar sai na shafa wurin da yatsa na ji ƙarfe zalla kafin in ɗaura.

Shafa sabon mai a zoben sabuwar filtar, murza ta da hannu har robar ta taɓa inji, sannan ka ƙara kashi uku cikin huɗu na juyi ɗaya. Da hannu kawai.

A injin 3.5 kofin filtar yana ƙasa, ɓangaren fasinja. Kwance ƙaramin murfin da ke gindinsa, cusa ɗan bututun roba da ke zuwa cikin kwalin filta don man ciki ya tsiyaye, sannan ka kwance kofin gaba ɗaya. Zaro tsohuwar takardar, goge cikin kofin, canza zoben roba biyun ka shafa musu mai. Babban zoben yana da ramin da aka yi masa, ka lura da inda tsohon yake kafin ka cire, domin in ka sa shi a wani layin zai yi yoyo. Kofin Nm 25 kawai yake so. Na wasu motocin roba ne, ɗaurin ƙarfi na fasa shi.

5. Zuba sabon mai

Sa mazurari ka zuba a hankali, amma ka rage kamar rabin lita daga adadin da na faɗa. Ƙarawa abu ne mai sauƙi, ragewa kuwa sai ka sake kwanciya ƙarƙashin mota. Rufe murfin, mayar da geji, tayar da inji ba tare da taka totur ba. Jar fitilar mai da ke gaban direba za ta ɗauke cikin daƙiƙu kaɗan. In ta kai daƙiƙa goma ba ta ɗauke ba, kashe injin ka duba.

Bar shi yana aiki minti biyu, ka leƙa ƙasa da tocila wajen noti da filta. Kashe, sauko da motar ƙasa, jira minti biyar man ya koma kasko. Zaro geji, goge, mayar har ƙarshe, sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin ɗigo biyun da ke jikin gejin, kusa da na sama. Sabon mai garai yake, da wuyar gani, sai ka karkata gejin a hasken rana. Kada ka wuce alamar sama da sunan ƙauna. Man da ya yi yawa kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta shafa ƙarfe.

Rubuta kwanan wata da lambar da ke kan mita a ɗan littafi ka ajiye a aljihun mota. Ka tuna Sienna daga Amurka take, yawanci mitarta mil take ƙirgawa, ba kilomita ba. Ga irin tawa kamfanin ya ce a juye mai duk mil 5,000 ko wata shida. Ni da ƙurar Kano da cunkoson Bata da 'Yan Kura, inda inji ke aiki mota na tsaye, nakan juye a mil 3,000 zuwa 3,500, wato wajen kilomita 5,000. Fitilar tunin juye kuwa, kashe ta ba wuya: sa mita a ODO (a wasu shekarun a TRIP A), kashe makulli, danne ɗan maɓallin mitar, murza makulli ba tare da tayarwa ba, ka riƙe har fitilar ta ɗauke.

6. Ruwan lagireto

Wannan sai inji ya yi sanyi ƙalau, don haka ya fi kyau ka duba shi tun farko kafin ka tayar da motar. Buɗe murfin lagireto da zafi na iya saɓule fatar fuska. Dubi farar robar da ke gefe, ruwan ya kasance tsakanin alamar ƙasa da ta sama. Sienna ta 2004 zuwa sama ruwan hoda na Toyota take amfani da shi, wanda ke zuwa a haɗe, ba a ƙara masa ruwa.

Al'adar ɗura ruwan rijiya, na burtsatse ko fiyawata ita ke kashe lagireto a garin nan. Ruwan yana barin ƙanzo a cikin siraran bututan, yana sa tsatsa, kuma yana saurin tafasa fiye da ruwan da aka haɗa don inji. Ba za ka gane ba sai ranar da ka ɗauko iyali za ku Zariya da azahar, kwandishan a kunne, allura ta fara hawa. In larura ta kama ka a hanya, zuba ruwa mai tsabta ka isa gida, amma daga baya a juye a sa na ƙa'ida. Kada ka gauraya kore da hoda. Kuma in bakanike ya ce a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, don mota ta daina zafi, ka ce a wanke lagireto a duba fanka tukuna. Injin da ba shi da tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ya riƙa shan fetur.

In ruwan na raguwa duk mako, yoyo ake yi. Bi tiyo-tiyon da ido, ka nemi inda ya bushe ya bar fari ko hoda.

7. Man giya

Shi kuma akasin baƙin mai ne, inji na aiki ake duba shi, bayan an ɗan yi tafiya ya yi zafi. Taka birki, bi da giya kowane gurbi kana ɗan tsayawa, dawo P, ka zaro gejinsa. Ya tsaya a wurin da aka rubuta HOT. Ɗiga kaɗan a farar takarda ka sansana. Ja ko ruwan ƙasa mai haske lafiya lau. Baƙi mai warin ƙuna alama ce giyar ta soma gajiya.

Nau'in man yana rubuce a jikin gejin ko kusa da shi: T-IV a ƙirar 2004 zuwa 2006, WS a waɗanda suka biyo baya. Ba kowane jan mai ne man giyarka ba, komai rantsuwar mai shago. In za ka canza, kwance notin kaskon giya, auna abin da ya fito a jarka, yawanci lita uku da rabi ko kusa da haka, ka mayar da daidai wannan ta bututun geji da siririn mazurari. Ƙirar 2011 zuwa sama mai injin 3.5 ba ta da geji, wannan ka bar wa wanda ya san ta.

8. Birki, sitiyari da filtar iska

Man birki DOT 3 ne, ana ganin matakinsa ta jikin robar ba sai an buɗe ba. In ya ɗan sauka a hankali, takalman birki ne suka ci, duba su kafin ka yi ciko. In ya sauka da sauri, kada motar ta fita. Kwalbar da aka buɗe ta daɗe a but ta sha danshi, ba ta da amfani, kuma in ya ɗiga a fenti ka wanke da ruwa nan da nan. Sitiyari a ƙirar 2010 zuwa ƙasa man Dexron yake sha, ta 2011 kuwa na lantarki ne, ba robar da za ka nema.

Filtar iska ita ce hunturu ya fi wahalarwa. Ɓalle maƙallan akwatinta, ɗago ta ka kalli rana ta cikinta. In haske ba ya ratsawa, canza ta. In da saura, bubbuga ta a hankali a jikin taya. Goge cikin akwatin da tsumma mai danshi, ka kula kada yashi ya faɗa bututun da ke shiga inji.

9. Tsohon man

Juye shi da mazurari cikin galan ɗin da ka zazzage, rufe, ka ajiye inda yara da awaki ba sa kaiwa. Kada ka zuba a kwata ko lambatu, damina na zuwa ruwa zai kwashe shi ya shiga rijiyoyin unguwa. Ni bakanikena nake kai wa, akwai masu zuwa karɓa a wurinsa. Ruwan lagireto ya fi wannan haɗari don zaƙi gare shi, kyanwa ko ɗan akuya na lasa ya mutu, saboda haka duk inda ya zuba ka rufe da yashi ka kwashe.

Da dare ka shimfiɗa sabon kwali ƙarƙashin gaban motar. Da asuba in ka dawo masallaci ka janyo shi ka duba. In ka ga ɗigo, wurin da ya faɗa zai nuna maka ko noti ne ko filta, sai ka ƙara masa ɗauri kaɗan, ka sake auna geji kafin yara su fito da jakunkunansu.